Sallar da Ɗangoggo Ya Saka a Sistem

Sunansa na yanka Nasrullahi, amma in ka shiga Mararaba kana neman Nasrullahi direba, sai ka gaji da yawo ba ka same shi ba. Ka ce Ɗangoggo, ko mai tallan lemo zai nuna maka ƙofar. Goggonsa ce ta raine shi a Funtuwa, sunan ya manne masa kamar cingam, ya biyo shi har Abuja. Shi kuwa ya tsani sunan nan. So yake a kira shi Mista Nas. Shekara ashirin yana tallar Mista Nas ɗin nan, har yau bai samu mai saye ba.

Ya shigo Abuja shekarun da aka koma mulkin farar hula, lokacin da duk inda ka juya tifa ce ke juye yashi ana dasa benaye. Da kwandasta ya fara a tashar Nyanya, yana lilo a ƙofar bas yana kiran fasinja har muryarsa ta dushe. Ya koyi tuƙi, ya ja bas, ya ja tasi, sannan Allah ya jefa shi Maitama ya zama direban gida. To daga nan ne kan ya kwance.

Duk gidan da ya yi aiki sai ya fito da tsarabar wani hali. Ya tuƙa wani Alhaji ɗan kwangila, ya fito yana kaɗa makullin mota a yatsa ko masallaci zai shiga. Ya tuƙa wani Bature na ofishin jakadanci, ya fito yana duba agogo in ana gaishe shi. Mutumin da ɗakinsa ɗaya tal, banɗaki na layi da mutum goma sha huɗu, amma sai ya tsaya a layin da tawul a wuya yana cewa ba a mutunta lokaci a ƙasar nan. Motar ba tasa ba, man ba nasa ba, ko turaren da ke cikinta ba nasa ba, amma in ya sauko daga bas da yamma yana taku ɗai-ɗai, sai ka rantse shi ya zana Maitama.

Ya taɓa aure. Rakiya sunanta, 'yar Zariya, tela. Ta yi haƙuri da shi shekara shida, kuma duk wanda ya san Ɗangoggo ya san shekara shidan nan ta fi ashirin. Abin da ya raba su ko faɗa ba daɗi. Takarda ya liƙa a bango, ya rubuta abin da za a dafa kowace rana da ƙarfe nawa za a ci, kamar yadda ya gani a kicin ɗin Bature. Rakiya ta ciro takardar ta kunna risho da ita. Ya ce sai ta rubuto masa takardar ban haƙuri. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ya yi mata saki ɗaya, ya koma ya harɗe ƙafa yana jiran takarda. Yana nan yana jira idda ta cika. Ita kuwa ta kama ɗaki a Nyanya kusa da yayanta Mubarak, ta ajiye kekenta, ta ci gaba da ɗinki har ta yi kumatu.

'Yarsu ɗaya, Zahra, tana wurin uwar. Kuma a faɗi gaskiya, Rakiya ba ta taɓa hana shi yarinyar nan ba. Ranar Asabar ya je ya yi sallama, ta miƙo masa ita da kwanon abinci a hannu. Ranar Sallah kuwa ba a ma magana, kowa ya san uba ne ke kai ɗansa idi. Da sassafe zai je ya tarar an yi mata kitso an sa mata lalle, ya kama hannunta su tafi, in an idar ya saya mata balan-balan, ya ɗora ta a wuya su dawo. In akwai awa ɗaya a shekara da Ɗangoggo ke zama mutum kamar kowa, to ita ce wannan. Ko makulli ba ya kaɗawa ranar. Yarinyar ma tun azumi na goma take fara ƙirga kwanaki.

Zahra na da shekara bakwai ya samu aiki gidan Madam Catherine. Ita ma sun rabu da mijinta, shi yana Legas, 'ya'yansu biyu suna kai da komowa a jirgi. Ɗangoggo yana gaba yana tuƙi, kunnensa yana baya. Ya lura Madam ba ta kiran mutumin nan, ba ta ɗaukar kiransa, waya kawai take dannawa. Rannan ya ji ta ce wa ƙawarta, in abu ba ya cikin sistem, to babu shi. Kai! Maganar nan ta shige shi har ƙashi. Ya bi ya dame ta da tambaya, har ta gaji ta karɓi wayarsa ta saka masa manhajar da take dannawar, tana dariya.

Abin ba wani abu ba ne, kalanda ce mai launi biyu. Ranar uba shuɗi, ranar uwa ruwan ɗorawa. In kana son a canza rana sai ka aika buƙata, ɗayan ya danna ya yarda ko bai yarda ba, kuma komai aka danna yana nan a rubuce ba ya gogewa. Ga mutanen da jirgi ke tsakaninsu, kowa da lauyansa, abin da amfaninsa. Amma don Allah Mararaba da Nyanya?

Haka Sale mai faci ya tambaye shi. Sale maƙwabcinsa ne, ɗaki na jikin ɗaki, rumfarsa tana ƙofar gida.

"Mutumina, daga nan in ka yi atishawa mai ƙarfi, Rakiya za ta ce yarhamukallahu. Me za ka yi da wannan abu?"

"Ba za ka gane ba, Sale. Harkar wayayyu ce."

"To ita wayar ce za ta riƙa ba ka kwanon abincin?"

Ɗangoggo ya duba agogo ya wuce. Daga ranar gidan ya raɗa masa Oga Sistem, kuma abin haushi, wannan sunan shi ya karɓu.

Rakiya ba ta yi gardama ba. Da ma da waya take tallar ɗinkinta, kwana ɗaya ta gane kan manhajar, shi kuwa sai da ya yi mako yana danna inda ba nan ba. Da ya gane sai ya kafa dokoki biyu, ya sa ta danna ta yarda. Ta farko, ba kiran waya, ba magana da baki, komai a saka a sistem. Ta biyu, duk mai son canjin rana ya aiko da buƙata saura kwana biyu, in ta gaza haka ba a ko dubawa. Sallama ma ya daina. In ya isa ƙofarta sai ya tsaya nesa ya danna "na iso", ya juya baya yana jira, kamar mai karɓar saƙo a tasha. Kwanon abinci ya ɗauke. Ya ce da ma cikinsa ba ya son manja.

Ana haka, wata Asabar mai launin shuɗi, Inna mahaifiyar Rakiya ta taso daga Zariya za ta ga likitan ido a Abuja. Wuni ɗaya za ta yi, don wanda ya kawo ta a motarsa a ranar zai juya. Shekara biyu rabonta da jikarta. Rakiya ta kira Ɗangoggo, bai ɗauka ba. Ta aika buƙata, ya danna bai yarda ba, wai ba ta cika kwana biyu ba. Da ya zo ƙofa ta fito ta yi masa magana da bakinta.

"Baban Zahra, don girman Allah. Inna tana hanya, sun wuce Zuba. Awa biyu kawai, ta gan ta, ni da kaina zan kawo maka ita."

"A saka a sistem."

"Na saka, ka ƙi."

"To kin ga an gama magana."

Ya ja yarinya ya tafi. Me ya yi da ita a wunin? Ya zaunar da ita a ɗaki ya ba ta biskit, shi ya miƙe ya yi barci har la'asar. Tsohuwa ta koma Zariya da ƙullin alkakin da ta kawo wa jikarta, don ta ce ba za ta bar shi ba, da hannunta take so ta ba ta. Rakiya ta koma kan kekenta. Ɗangoggo ya ɗauka ya yi nasara, har yana ba Sale labari, wai yanzu ta san tsari.

Azumi ya kama. Tun a makon farko Oga Sistem ya zauna a bencin Sale zai saka ranar Sallah. Manhaja ba ta san wani abu wai shi ranar Sallah ba, kwanan wata take so. Ya buɗe kalandar waya, ta ce Alhamis. Ya shafa wa Alhamis shuɗi, daga bakwai na safe. Laraba kuwa da gangan ya bar wa Rakiya, don ta yi wahalar kitso da lalle, shi ya zo ya ɗauki yarinya a shirye.

Sale ya leƙo. "Ka haɗa da Larabar mana. In wata ya tsaya a ashirin da tara fa?"

"Waɗanda suka yi kalandar nan da kwamfuta suka lissafa. Ba irin ku ba da za ku hau tudu kuna ƙifta ido."

"Tun kana goye a bayan goggonka ake Sallah da ganin wata."

"Shi ya sa ba mu ci gaba ba."

Rakiya ma ta rubuto masa a manhajar, layi ɗaya: "Ka tabbata Alhamis?" Ya amsa: "An rufe magana." Ta danna ta yarda.

Ya sayi shadda shuɗiya, kalar ranakunsa, ya kai wa wani tela a kasuwar Mararaba, ga uwar yarinya tela. Aka yi masa babbar riga, aka yi wa Zahra 'yar doguwar riga daga ƙyalle ɗaya. Nan kam ya yi abin kirki, rigar ta yi kyau. Ya rataye ta a ƙusa, kullum in ya dawo aiki sai ya tsaya ya kalle ta. Ya kuma roƙi Madam ta ba shi hutun ranar Sallah, ta ce ta ba shi.

Ranar Talata, azumi ashirin da tara, an sha ruwa ana zaune a rumfar Sale, rediyo ya ce an ga wata, gobe Laraba take Sallah. Unguwa ta ɗauki ihu. Mata suka fara neman mai markaɗe. Ɗangoggo ya zaro waya ya duba. Alhamis tana nan da shuɗinta, Laraba tana nan ruwan ɗorawa shar.

"Ba su sabunta ba ne," in ji shi. Ya kashe wayar ya kunna. Ya ɗaga ta sama yana neman sabis.

"Ɗaga da kyau," in ji Sale, "wataƙila watan ya gani ya koma."

Ya aika buƙata. Shiru. Ya sake aikawa. Shiru. Ya faki ido ya kira lambar Rakiya, ta yi ta ringin ba a ɗauka ba. Ai ba kiran waya, shi ya ce.

Sale ya ajiye wasa ya ce masa, "Tashi yanzu ka je Nyanya tun ba a yi isha'i ba. Ka durƙusa ka ce ka yi kuskure kan maganar tsohuwar nan. Rakiya ba muguwa ba ce."

"In durƙusa? Ni? Madam ba ta taɓa durƙusa wa kowa ba."

"Madam ba ta zuwa idi, Oga Sistem."

Bai je ba. Sai da gari ya waye, ƙarfe shida da rabi, aka ga ya fito cikin shuɗiyar shadda tana ƙara, da leda a hannu. Ya isa Nyanya ana ta kabbarori, mutane sun fara ɗaukar dardumai. Ya tsaya a ƙofar Rakiya, ya ɗaga waya zai danna "na iso", sai ya tuna yau ba ranarsa ba ce, wurin dannawar ma bai fito ba. Dole ya buɗe baki.

"Salamu alaikum."

Wata takwas rabon ƙofar nan da sallamarsa. Justina, maƙwabciyar Rakiya, tana zaune a benci da farantinta tana jiran tuwon Sallah, ta saki baki.

"Ah ah! Oga Sistem, ashe kana da murya? Wata ya fito bai aiko maka buƙata a sistem ba?"

Rakiya ta ɗaga labule, hannu ya sha lalle. Ta amsa sallamar, don ita wannan wajibi ce. Bayanta ga Zahra, an yi mata kitso, tana sanye da rigar da uwarta ta ɗinka. Yarinya ta ga ubanta ta yi tsalle za ta fito, uwar ta dafa kafaɗarta. Sannan ta sunkuya ta danna waya.

Kililin! Wayar Ɗangoggo ta yi ƙara a aljihu. Ya duba: "Buƙata ba ta cika kwana biyu ba. Ba a yarda ba."

"Maman Zahra, ga ni a gabanki kina danna min waya?"

Kililin! "A saka a sistem."

Justina ta kusa faɗowa daga benci. Mubarak, yayan Rakiya, ya fito daga nasa ɗakin da darduma a kafaɗa, ya tsaya yana gyara hula.

"Haba, ai wannan ba laifina ba ne," in ji Ɗangoggo. "Ke ma kin san ranar Sallah nake nufi. Wata ne ya yi gaggawa."

Sai a nan Rakiya ta ɗago kai. "To tunda yau bakinka ya buɗe, bari nawa ma ya buɗe. Ni ba zan so yarinyar nan ta je idi ba da ubanta ba." Ta lalubo wata lamba ta miƙo masa wayarta. "Ga Inna. Ka gaishe ta, ka yi mata barka da Sallah, ka ce ta yafe maka. Shi ke nan. Ka kama hannun 'yarka ku tafi, har dare in ka so."

Abu mai sauƙi, ko? Minti ɗaya bai cika ba. Ɗangoggo ya kalli wayar. Ya kalli Justina da ta buɗe haƙora tana jira. Ya kalli Mubarak. Ya kalli matan da suka leƙo ta tagogi. Hannunsa har ya ɗan motsa. Sai Maitama ta taso masa.

"Wannan ba ya cikin tsari. Maganar ranaku muke yi, kada ki kawo abin da ya wuce."

"Baba, ka kira Kaka mana," in ji Zahra. "Za a tayar da salla."

"Ke yi shiru, manya na magana."

Rakiya ta mayar da wayarta cikin zani. "To maganar ranaku. Laraba tawa ce, kai ka ba ni da hannunka. Yaya, don Allah ku tafi da ita kada ku makara."

Mubarak ya kama hannun yarinya. Da za su wuce ta tsaya ta leƙa ledar.

"Baba, mene ne a ciki?"

"Rigarki ce."

"Irin taka?"

"Irin tawa."

Ta shafa ƙyallen da ɗan yatsa. "To gobe na sa."

Haka Oga Sistem ya bi bayansu zuwa filin idi, shi da leda. Sahu huɗu ne tsakaninsu. Da aka idar ya hango Zahra a wuyan kawunta da jan balan-balan, tana ta waige-waige. Shi kuwa ya laɓe bayan wata motar ruwa yana yi kamar ana kiransa a waya.

Ya dawo gida yana cewa ai gobe ma rana ce, Alhamis tasa ce daga bakwai. Da la'asar Madam ta kira. Gobe shida na safe ya kasance a Maitama, yaranta za su sauka daga Legas.

"Ma, ai Alhamis ɗin nan ita na roƙa."

"Ranar Sallah ka roƙa, Nasru, kuma na ba ka. Zuwan yara yana sistem tun watan jiya."

Ƙarfe bakwai na safiyar Alhamis yana kan titin filin jirgi, wayarsa ta yi kililin, tana tuna masa lokacin ɗaukar Zahra ya yi. Jirgi kuma ya yi latti, bai sauka ba sai bayan la'asar. Justina ta ce yarinyar ta zauna a bakin ƙofa da takalminta a ƙafa har azahar, sannan ta shiga ciki ta cire. Rakiya ta danna "bai zo ba". Yana nan a rubuce, ba ya gogewa.

Ranar Juma'a da yamma Sale ya je ɗibar ruwa, ya ji ana raɗa a bayan tanki. Ɗangoggo ne a tsugune, ya kare baki da hannu. Sai dai Inna kunnenta ya yi nauyi, raɗa ba ta isa Zariya.

"Inna, ina wuni, Mista Nas ne... A'a, Nasrullahi... Nasrullahi na Abuja..." Ya share gumi, ya waiga dama da hagu, sannan ya ɗaga murya har kajin gidan suka watse. "Ɗangoggo ne, Inna! Ɗangoggo!"

Duk gidan aka fito. Muryar tsohuwa tana fitowa tar daga wayar.

"Au, kai ne? Ai na yafe tun tuni, ɗan nan. Sai dai idi ya wuce."

Asabar ya je Nyanya, ya yi sallama da bakinsa. Rakiya ta miƙo yarinya, ba kwano. Da hantsi aka gan su sun shigo Mararaba cikin shuɗi iri ɗaya, shi da babbar riga ita da doguwa, kwana uku bayan Sallah, kowa ya koma kayan aikinsa. Masu shaguna suna tambaya bikin wa ake yi. Zahra ta ce tana son balan-balan. Ya zaga da ita kasuwa, ya zaga tasha, masu balan-balan duk sun tattara sun tafi. Daga ƙarshe biskit ya saya mata.

Sale yana rumfa yana buga taya, ya ɗago ya kalle su sama da ƙasa.

"Masha Allah, kun yi kyau. Oga Sistem, idin ina za ku?"

Ɗangoggo ya duba agogo.